Bishiyar catalpa a ƙofar gida: in sare ta ko in bar ta?

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum jama'a. Mun tare a wani gida a Columbus ta jihar Ohio, mun tarar da ƙatuwar bishiya gab da ƙofa, maƙwabcina ya ce sunanta catalpa. Dogayen kwasfa ne ke reto a jikinta kamar 'ya'yan zogale, suna ta zubo mana a kan ciyawa. Sauran itatuwan layinmu duk sun yi kore shar, ita ko tsiron ganye babu. Uwargida ta ce ta mutu, a kira masu sara. Wanda ya san bishiyar nan ya ba ni shawara kafin in kashe kuɗi.

Hajiyar Indiana:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka kuskura ka sa mata zarto! Da ranta, haka halinta yake, sai kowa ya gama fitar da ganye take farkawa. Ka ce wa maiɗakin taka ta yi haƙuri zuwa farkon Yuni. Bishiyar za ta cika da fure fari tas, tuli-tuli a bakin rassa. Ke kuma maiɗakin, ki ɗauki guda ɗaya ki leƙa cikinsa, 'yata: ɗigo-ɗigon shuni ne da zane biyu ruwan ɗorawa, bakinsa a tattare. Ƙudan zuma kuwa tun safe suke kai. Abin bai wuce mako biyu ba, sai furen ya zube ƙasa ta yi fari. Ganyen kuma wani ya kai faɗin faifai, shi ya sa inuwarta ke da sanyi. A ƙarƙashin tamu nake shimfiɗa wa jikoki tabarma duk Yuli da Agusta.

Malamin Gona:
Hajiya ta yi gaskiya. Malam, ka kankare ɓawon ƙaramin reshe da farce, in ka ga kore a ciki tana raye. Danginta ɗaya da aduruku da sansami na gida, in ka san furen sansami za ka ga kamar. Iri biyu ne a Amurka, ta kudu da ta arewa. Ta arewa ta fi tsawo, takan kai mita 20, kuma asalinta wajen mahaɗar kogin Ohio da Mississippi ne. Itacenta ba ya saurin ruɓa a ƙasa, don haka a da manoma suka riƙa dasa ta suna yin turakun shinge. Kwasfar dai ba a ci, a ja wa yara kunne.

Direban Memphis:
Ni fa kuna ta yabo ba ku faɗi wahalarta ba. Fure ya zuba ka share, ganye ya zuba ka share, kwasfa kuma har bazara tana saukowa. In an yi iska mai ƙarfi reshenta kan karye, don haka kada ka ajiye mota a ƙarƙashinta. Sannan akwai wata tsutsa, baƙa da ratsin rawaya, da ba ta cin komai sai ganyenta. Wata shekarar takan cinye shi ƙarƙaf, amma ganyen yana sake tohowa. Nan kudu masu kamun kifi har dasa bishiyar suke saboda tsutsar, suna tara ta a firiza don kama tarwaɗa. In ta bayyana a taka, ka sanar da ni in zo da bokiti.

Ɗan Zazzau:
Na gode ƙwarai. Na kankare reshen, kore ne. Mun yi da uwargida za a rage rassa biyun da suka hau kan rufi kawai, shara kuma ta ce tawa ce. Malamin Gona, wane wata ya fi dacewa da yin sassaben?