Dan Allah wace makaranta zan zaɓa, ina son komawa karatu a shekara 41

Mai tambaya: Salam 'yan'uwa, dan Allah ku ba ni shawara kaina ya kulle. Shekarata 41, yara uku, a Amurka nake, shekara 9 kenan ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Aikin nan ne ya sa min son karanta fannin hidimar jama'a, akwai wata tsohuwa da nake yi wa wanka kullum, takardun neman tallafinta suka yi wata biyu a kan tebur ba mai cike mata, ni kuma ban san kan abin ba, wallahi har yau abin yana ci min rai. Rabona da aji tun difloma, shekara 19 kenan. Yanzu makarantu biyu ne a gabana, kwalejin gwamnati ta shekara biyu da ke kusa da mu mai darasin yamma, sai wata ta onlayin da suke ta kirana wai in yi rajista kafin Juma'a. Aiki ba zai baru ba. Wacce zan kama?

Wata anti: Ƙanwata tsaya tukuna, wane aiki kike so ki yi in kin gama? Domin digirin hidimar jama'a daban, na soshiyal wok daban, mutane da yawa sai sun yi nisa suke ganewa. In burinki wata rana ki samu lasin ki riƙa zama da mutane kina duba damuwarsu, sai kin yi mastas na soshiyal wok, wato MSW, kuma wanda ya yi digirin farko na soshiyal wok, wato BSW, a makarantar da hukumar CSWE, mai tantance karatun soshiyal wok a Amurka, ta amince da ita yakan gama mastas ɗin a shekara ɗaya maimakon biyu. Digirin hidimar jama'a ba ya ba ki wannan ragin. Amma in irin aikin da kika ambata ne, bin kes ɗin mutane da haɗa su da tallafi, to ya wadatar a wurare da yawa.

Wani ɗan'uwa: Hajiya duk makarantar da ke matsa miki lamba a waya ki yi hattara da ita. Ni na yi shekara ɗaya a irinsu, da na zo canjawa sabuwar makarantar ta ƙi karɓar kiredit ɗina ko ɗaya, ga bashi a wuya. Ki fara da kwalejin, kiredit 60 ne kusan rabin digiri, amma ki tambaye su a rubuce wace jami'a ce suka yi yarjejeniya da ita za ta karɓa duka.

Wata 'yar'uwa: Aunty abin da ba a faɗa wa masu aiki irinmu shi ne firaktikal. BSW sai kin yi aƙalla awa 400 a wata ma'aikata, yawanci da rana kuma galibi ba biya, kuma CSWE ba ta yarda a lissafa miki shekarun aikinki a madadinsa. Ni sai da na koma shif ɗin dare na tsawon zango biyu, a mota nake karatu kafin in ɗauko yara. Ki tambaya tun yanzu, su ke nemo miki wurin ko ke za ki nema?

Mai tambaya: Ikon Allah, ni duk ban san da wannan ba. To kuɗin fa? Kuma diflomata ta tafi a banza kenan?

Wata anti: A'a, ki tura takardunki WES, masu tantance takardun karatun ƙasashen waje, su tantance, makarantar ce za ta yanke abin da za ta karɓa. Kuɗi kuwa in kina da girin kad ki cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnati, tunda kin wuce 24 ba ruwansu da kuɗin iyaye, naki da na maigida za su duba, kuma tunda ba ki da digiri kina iya samun tallafin Pell na gwamnati, shi ba bashi ba ne, ba a mayar da shi. Ki cike FAFSA ɗin a makon nan, 'yan Juma'a kuma ki ce musu kina shawara.