Ƙamus ceton harshe ne ko likkafaninsa?

Malam Sani: Ni dai ban sauya ra'ayi ba. Naɗar muryar tsofaffi da rubuta ƙamus ba ceton harshe ba ne, likkafani ake ɗinka masa. Ku dubi harshen Ubykh. Masana sun yi shekaru suna zama da Tevfik Esenç, mutum na ƙarshe da ya iya shi sosai, a Turkiyya, sun tantance baƙaƙen harshen wajen 80. Ya rasu a 1992, harshen ya bi shi kushewa.

Hajiya Binta: Malam, ka yi saurin yanke hukunci. Harshen Wampanoag a Amurka ya haura shekara 100 ba mai magana da shi. Da me aka tashe shi? Da Baibul ɗin da aka buga da harshen a 1663, da tsofaffin takardun filaye da wasiyyoyi. Jessie Little Doe Baird ta ɗauko aikin a 1993, har ta reni 'yarta da harshen. Da ba a rubuta ba, a ina za ta tono shi?

Malam Sani: Ai kin faɗa da bakinki, Hajiya: ta reni 'yarta. Yarinyar ce ta raya shi, ba takarda ba.

Aminu: Nan ina bayan Malam. A 1982 Maori na New Zealand suka buɗe Kohanga Reo, wato sheƙar harshe, aka zaunar da kakanni da 'yan ƙanana, ba Turanci ko kalma ɗaya. Mutanen Hawaii ma suka kwaikwaya.

Zainab: Yaya Aminu, kada dai a ɗauka aji kaɗai ya isa. Tun 1922 ake koyar da harshen Irish dole a makarantun Ireland, amma a ƙidayar 2022 masu amfani da shi kullum a wajen makaranta ba su kai 72,000 ba, cikin mutum sama da miliyan 5. Yaro ya ci jarrabawa, ya dawo gida ya ci gaba da Turancinsa.

Hajiya Binta: To ga Manx, harshen tsibirin Isle of Man. Ned Maddrell, na ƙarshe da ya sha harshen a nono, ya rasu a 1974. An riga an naɗi muryarsa, daga nan masu koyo suka ɗauki lafazi, kuma tun 2001 akwai firamaren da ke koyarwa da Manx. Likkafanin ne ya yi wannan?

Malam Sani: Na ji, a naɗa. Amma in kuɗin ba zai isa biyu ba, kakar da ke raino zan ba, ba mai rakoda ba.

Hajiya Binta: In kakar ta rage ita kaɗai a duniya fa, Malam?