Ga waɗanda suka taɓa zuwa Brazil: ina ya kamata baƙo ya leƙa ban da Rio?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. In Allah ya yarda zan halarci wani taron masu harkar noma da kiwo a Sao Paulo a watan Yuli, kuma ina da niyyar ƙara 'yan kwanaki bayan an tashi domin in ga ƙasa. Duk wanda na tuntuɓa sai ya ce mini Rio de Janeiro da bakin tekun Copacabana, ni kuwa ba ni da sha'awar irin wannan yawo. Ina roƙon waɗanda suka taka ƙasar da ƙafarsu su faɗa mini inda ya cancanci a kashe masa kuɗin jirgi, da kuma yadda suka yi da abinci da salla.

Malamin Tarihi, Zariya:
Wa alaikumus salam. Alhaji, idan wuri ɗaya kawai za ka iya zuwa, ka tafi Salvador, babban birnin jihar Bahia, tafiyar awa biyu da 'yan mintuna ce a jirgi daga Sao Paulo. Shi ne fadar mulkin Turawan Fotugal a ƙasar daga 1549 zuwa 1763, kuma a nan aka sauke dubban bayi daga yankinmu, ciki har da Hausawan da aka kama a yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804. Waɗannan Hausawa sun shirya tawaye a 1807 amma aka tona asirinsu kafin ranar, sannan a 1814 suka tashi a Itapua, inda ake sarrafa kifin teku, suka ƙone wuraren aikin. Mafi shahara shi ne boren Male (sunan da ake kiran Musulmin Afirka da shi a Bahia) na daren 24 zuwa 25 ga Janairun 1835, a goman ƙarshe na azumi, wanda Yarabawa Musulmi suka jagoranta tare da wasu Hausawa. Sun fito sanye da fararen riguna, da layu a wuyansu, kuma takardun Larabcin da aka ƙwace daga jikinsu suna nan a gidan adana takardun tarihi na jihar.

Abin da ya dame ni shi ne, mai yi wa baƙi jagora a Pelourinho, tsohuwar unguwar da kowa ke zuwa ɗaukar hoto, coci-coci da masu kiɗan ganga kawai zai nuna maka, sai ka tambaye shi da bakinka. Ni na bi sawun boren da ƙafa: daga gangaren Ladeira da Praca, inda aka fara arangama, har zuwa Agua de Meninos a ƙasan gari, inda sojojin doki suka murƙushe su. Daga nan na hau zuwa Campo da Polvora, filin da aka harbe huɗu daga cikinsu a watan Mayun shekarar, wanda yanzu tashar jirgin ƙasa ce, mutane suna ta kai da komo da jakunkunan aiki. Cibiyar Musulunci ta Bahia tana unguwar Nazare, ba nisa daga wurin. Gida ne madaidaici, ba masallaci mai hasumiya ba, kuma a nan na yi Juma'a tare da 'yan Senegal da 'yan Najeriya da 'yan ƙasar da suka musulunta.

Hajiya 'Yar Maraɗi:
Malam ya ba ka tarihi, ni bari in yi maka maganar ciki. Brazil tana kan gaba a duniya wajen fitar da kajin halal zuwa ƙasashen Larabawa, amma da wuya ka ga tambarin halal a kantin unguwa. Babbar matsalar ma ba yanka ba ce, naman alade ne da ke ɓuya a inda ba ka zata ba. Feijoada, wato dafaffen baƙin wakensu, da alade ake yin sa, haka kuma sau da yawa akan jefa gutsattsarinsa a cikin waken yau da kullum da cikin farofa, soyayyen garin rogon da suke barbaɗawa a kan shinkafa. Ka rubuta "sem porco", wato "ban da alade", a wayarka ka riƙa nunawa, domin ba kasafai za ka sami mai jin Ingilishi ba, ko a otal. Ni na fi samun natsuwa a gidajen abincin da mutum yake zuba abin da yake so a faranti a auna masa a sikeli, in ɗebi shinkafa da kifi da ganye. A Sao Paulo kuwa, unguwannin Bras da Pari, inda muke sarin tufafi, akwai masallatai da gidajen abincin 'yan Labanan da Siriya.

Kada kuma sunan Brazil ya ruɗe ka ka tafi da 'yar shara. Yuli tsakiyar sanyinsu ne, kuma ɗakunan kwana da yawa ba su da na'urar ɗumama ɗaki. A Salvador ka nemi acaraje a wurin matan nan masu fararen kaya da ɗaurin kallabi: ƙosai ne sak, sai dai da manja ake soya shi, a tsaga shi a cusa masa jatan lande da yaji.

Injiniya, Kaduna:
Ni aiki ya kai ni Foz do Iguacu, a kan iyaka da Ajantina da Paraguwai. Kowa ya san magangarar ruwan Iguacu, amma 'yan yawo da yawa suna tsallake madatsar Itaipu, wadda take da injina 20, kowanne yana ba da megawat 700. Wato inji ɗaya ya kusa kamo dukan ƙarfin da aka girka a Kainji. Akwai rangadin da ake shiga da mutum har cikin ginin ya ga sandar inji tana juyawa, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafarsa, kuma ba sa barin mai silifa ya shiga. Garin yana da Larabawa masu yawa da babban masallacin Umar bin Khaɗɗabi, don haka abinci ba ya wahala. Gargaɗina ɗaya ne: direbobi za su yi maka tayin ƙetare gada zuwa kasuwar Ciudad del Este, su ce ba a duba takardu. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar Paraguwai, kuma idan bizarka ta Brazil ta shiga ɗaya ce, dawowar na iya zame maka ɓacin rana.

Ɗan Zango, Akkra:
Ina goyon bayan Malam, amma ina ganin bai kamata a tsaya a Salvador kaɗai ba. Cachoeira tana da tafiyar kimanin awa biyu a mota, a bakin kogin Paraguacu, tsakiyar ƙasar rake da taba inda bayin suka yi aikin gona, kuma wata tsohuwar gadar ƙarfe ta haɗa ta da Sao Felix. Garin shiru ne, ba mai bin ka da tallan sarƙa. Mu a nan muna da 'yan Tabom, jikokin waɗanda suka komo daga Bahia bayan boren, kuma gidansu na Brazil House yana nan a Jamestown, shi ya sa tafiyar ta taɓa ni ƙwarai. Game da Pelourinho, Alhaji, kada ka fito da waya a lungun da babu 'yan sanda, kuma wanda ya ɗaura maka zaren launi a hannu yana cewa kyauta ne, kuɗi zai nema.

Ɗaliba a Maranhao:
Baba, tunda a Yuli za ka zo, ka dace da lokacin Lencois Maranhenses. Tuddan farin yashi ne iya ganinka, ruwan saman farkon shekara yana taruwa a tsakaninsu ya zama dubban tafkuna garai-garai, waɗanda suke cika daga Yuni zuwa Satumba sannan su fara ƙafewa. Hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin kayan gadon duniya a 2024. Daga Sao Luis, babban birnin jihar Maranhao, ana yin kimanin awa huɗu a mota zuwa Barreirinhas, sai a hau motar yashi mai benci a baya, a tsallaka kogin Preguicas. Hawan tudun Lagoa Bonita yana da wuya ga mai ciwon gwiwa, har igiya aka ɗaura domin a riƙa kamawa. Wajen sayen tikiti a lura, akwai wani garin Lencois a Bahia, mashigar duwatsun Chapada Diamantina, kuma tsakaninsu akwai nisan fiye da kilomita dubu.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka muku da alheri. Na tsayar da Salvador da Cachoeira, Maranhao kuma sai na ga yadda aljihu ya yi. Hajiya, yaya kika yi da layin waya da biyan kuɗi?

Hajiya 'Yar Maraɗi:
Alhaji, can kusan komai da Pix, tsarin tura kuɗi ta waya, suke biya, har mai tallan ruwan kwakwa, amma sai mai asusun banki a ƙasar, kuma shaguna da yawa ba sa sayar da layi sai ka kawo lambar haraji da suke kira CPF. Ni na sayi layin intanet na eSIM, wanda ake saukewa a waya ba tare da kati ba, tun kafin in tashi, na kuma canja dala zuwa kuɗinsu, real, a cikin gari, domin farashin filin jirgi ba shi da daɗi. Ka tafi da katin rigakafin cutar shawara, ka kuma sayi mahaɗin caja a can, saboda filoginmu mai ƙafa uku masu faɗi ba ya shiga soket ɗinsu.