Tsohon hoton da ba a san wanda ya ɗauka ba: yaushe yake zama na kowa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Hotunan Arewa na zamanin Turawa sun cika intanet, galibi ba sunan mai ɗauka. Ku da kuke aiki da su, yaya kuke tabbatar da cewa haƙƙin mallaka ya ƙare kafin a sa a littafi ko a Wikimedia Commons, rumbun hotunan Wikipedia?

Ma'aikacin ma'ajiyar tarihi: Wa alaikumus salam. Malam, fara juya hoton. A baya ake samun hatimin situdiyo, ko lamba da fensir, ko guntun takardar da ofishin yaɗa labarai ya manna. Wanda aka liƙa a albam kada ka ɓanɓare shi, rubutun zai tafi tare da takardar. Haska fitila a kaikaice, sawun fensir yakan fito. In katin gidan waya ne, dubi layin da ya raba bayansa gida biyu: Ingila ta halatta shi a 1902, Faransa a 1904, Amurka a 1907, don haka kati mai layin bayan nan aka buga shi. Katin da aka wanke a takardar hoto ta Kodak mai suna AZO kuwa, akwatin da ake manna kan sarki za ka duba. Alwatika huɗu duk suna kallon sama, wajen 1904 zuwa 1918 ke nan. Biyu sama biyu ƙasa, 1918 zuwa 1930. Shekarun wanki wannan yake nunawa, ɗaukar tana iya girme shi. Sunan da ke jikin kati kuma sau da yawa na maɗaba'a ne.

Lauya: Abin da ake yawan ruɗewa a kai: mallakar takardar hoto daban, haƙƙin mallaka daban. A Nijeriya lissafin bai rataya ga mutuwar mai ɗauka ba. Dokar 2022 ta ba hoto shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a, in kuma ba a fitar ba a tsakanin nan, 50 daga ɗauka. Ingila ce mai wuyar sha'ani. Wanda aka san mai ɗaukarsa, shekara 70 bayan mutuwarsa. Wanda ba a sani ba, 70 daga ɗauka, amma in an buga shi kafin su cika sai a soma ƙirga 70 daga bugawa. Hoton 1930 da aka fara bugawa a 1960 yana da kariya har ƙarshen 2030. Na gwamnatin Ingila mai hatimin Crown Copyright, in an ɗauke shi kafin 1 ga Yuni 1957, shekara 50 daga ɗauka ne. Wanda D.O. ya ɗauka da kyamararsa don kansa ba ya cikin wannan, na magadansa ne.

Mai tambaya: Hajiya, ke nan in na nema ban ga suna ba, shi ke nan?

Lauya: A'a, Malam. "Ban sani ba" ba hujja ba ce. Bincike na hankali doka take nema, kuma ka rubuta shi: ina ka duba, yaushe, me ka samu. Da suna ya bayyana kafin wa'adi ya cika, a dokar Ingila lissafi ya koma kan mutuwar mai ɗaukar.

Edita a Commons: Nan ake goge hotuna da yawa, kuma abin yana da ciwo. Sai hoto ya kuɓuta a ƙasar da aka fara buga shi, ya kuma kuɓuta a Amurka. Can shekara 95 ne daga bugawa, na 1929 sai 1 ga Janairu 2025 suka fita. Tarkon shi ne 1 ga Janairu 1996: abin da yake da kariya a ƙasarsa ran nan, Amurka ta maido masa da kariya. Wanda aka buga a Nijeriya a 1945 ya tsallake. Na 1950 ya zama na kowa a gida tun 2001, amma a Amurka sai ƙarshen 2045. Don neman suna, sa hoton a TinEye da Google Lens, masu nemo kwafin hoto a intanet, ka bi mafi girma kuma wanda ba a yanke gefensa ba, don masu yaɗawa a Facebook sukan datse rubutun ƙasa. Sannan duba jerin CO 1069, wato hotunan ofishin mulkin mallaka, a ma'ajiyar tarihin Ingila da ke Kiw a Landan.

Malamin tarihi: Abin da ke cikin hoton ma shaida ne. Jirgin ƙasa a Kano, ba a kafin 1911 ba. In Sarkin Kano ne a hoton, Abbas ya yi sarauta 1903 zuwa 1919, Abdullahi Bayero 1926 zuwa 1953. Hawan daba kuma a kula, ana yawan laƙaba wa na Kaduna na 1956 shekarar 1925, lokacin zuwan Yariman Wales Kano. Ƙirar motocin da ke gefen fili takan raba gardama.

Edita a Commons: Allah ya gafarta Malam, haka ne, sai dai wannan shekarar ɗauka ce kawai. Hoton gida da ba a taɓa bugawa ba, ba a kuma san mai ɗauka ba, Amurka tana ba shi shekara 120 daga ɗauka. Shi ya sa nake neman shafin jarida ko mujallar da ya fara fitowa a ciki, a haɗa har da kwanan watan da ke saman shafin.