Dan Allah ya ake ɗumama ƙaramar tirela da daddare ga mai yara ƙanana?

Baban_Ilham, Calgary

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu sanin sanyin ƙasar nan. Cikin watan Agusta na sayi wata 'yar tirelar kwana ta hannu, irin wacce ake ɗaurawa a bayan mota a ja, ƙafa 13 ce kacal, gado ɗaya sai teburin da ake kwantarwa ya zama gadon yara. Mun fita da ita sau biyu da zafi kuma wlh yaran sun ji daɗi sosai, shi ne yanzu maman Ilham ta matsa sai mun je gandun shaƙatawa na Banff farkon Nuwamba mun kwana biyu su ga ƙanƙara a kan duwatsu.

Matsalar ita ce hitar da ta zo da tirelar. In na kunna sai fanka ta tashi, in ji ƙas ƙas ƙas kamar za ta kama, ta yi haka sau uku sai shiru, iskar sanyi kawai. Wanda ya sayar min bai ce min komai ba, ni kuma lokacin zafi ne ban ma yi tunanin gwadawa ba. Toh wani abokin aikina ya ara min 'yar hitar gas ta hannu, Mr. Heater Buddy, ya ce a kwalinta ma an rubuta ana amfani da ita a cikin ɗaki. Tambayata zan iya barinta a kunne mu kwana? Ko in kunna kan kukar girki guda ɗaya in yi ƙasa da wutar sosai ta ringa ɗumama mu har asuba? Ilham shekararta 6, ƙaninta 2. Na gode.

Anti_Hajjo, Winnipeg

Wa alaikumus salam. Baban Ilham don girman Allah kar ka yi ko ɗaya a ciki, musamman maganar kukar nan, cire ta daga ranka gaba ɗaya. Ni aikin jinya nake yi, kuma tun kafin in zo ƙasar nan na ga abin da gawayi ke yi wa mutane lokacin hunturu. Kai ma ai ka sani, a zuba garwashi a kasko a shiga da shi ɗaki a ja ƙofa a toshe taga saboda mai jego ko tsohuwa, da safe a ɗauko mutum ranga-ranga, ko a kunna janareto a baranda hayaƙi ya shiga a wayi gari gida guda babu mai motsi. Abu ɗaya ne da wanda kake shirin yi, sunan kayan ne kawai ya canza.

Duk abin da ke ci da wuta, gas ne ko kananzir ko gawayi ko dizal, yana iya fitar da iskar nan karbon monoksaid, kuma ya fi fitar da ita idan iskar wurin ta fara ƙaranci. Ba ta da wari, ba ta da kala, ba ta sa tari bare ta tashe ka. Idan ta shiga jini tana kama wurin da oksijin ke zama, kuma riƙon da take yi ya ninka na oksijin fiye da sau 200, shi ya sa ko kaɗan ce a iska taruwa take yi a jiki a hankali. Wanda yake farke zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, sai ya ɗauka mura ce ko gajiyar tuƙi. Mai barci kuma ba zai ji komai ba, daga barcin sai suma. Kuma ƙaramin yaro ya fi ka saurin numfashi, ɗan shekara 2 ɗin nan shi zai fara galabaita alhali ba zai iya ce maka Baba kaina na ciwo ba.

Tirela ƙafa 13 da mutum huɗu a ciki, ai ko shagon mai caji ya fi ta fili. Kafin ka sayi komai ka fara sayen alam ɗin karbon monoksaid mai batir, ka maƙala kusa da inda kuke kwanciya. In akwai wanda ya zo da tirelar ka ciro shi ka duba bayansa, suna da ranar daina aiki, yawanci shekara 5 zuwa 10 ne, bayan nan ko fitilarsa na ci kar ka yarda da shi. Ranar da ya yi ƙara kuwa ba tsayawa neman dalili ake yi ba, kowa waje tukuna, in wani na jiri ko amai ka kira lambar agajin gaggawa 911.

Sadiq_Edm

Anti ki yi haƙuri amma ni inaga an ɗan tsorata shi da yawa. Buddy ɗin nan da ita muke zuwa kamun kifi kan ƙanƙara cikin tanti, awa biyar awa shida muna zaune ba abin da ya taɓa samun mu. Tana da abin da ke kashe ta da kanta in oksijin ya ragu, in ta faɗi ma mutuwa take yi. Ya ɗan buɗe taga kawai shikenan.

Anti_Hajjo, Winnipeg

Sadiq ƙanina a zaune kuke, idonku biyu, tantin ma ana ta ɗaga shi ana shiga ana fita. Shi kwana ya ce. Abin da ke kashe ta ɗin ƙarancin oksijin yake aunawa, ba ya auna gubar. Ka ɗauko takardar da ta zo a kwalin ka karanta, su kansu masu ƙera ta sun rubuta kar a bar ta a kunne ana barci. Ga kuma bargo da yaro mai juyi a wurin da ba ka da ko taku biyu tsakanin gado da gado.

Kawu_Direba, Brampton

Salam. Ɗana Baban Ilham, ni shekara da shekaru a bayan babbar mota nake kwana, na kwana a Saskatchewan sanyi ya kai 35 ƙasa da sifiri, to bari in gaya maka abin da na sani. Hita iri biyu ce kawai a wajena, wacce hayaƙinta ke fita waje da wacce hayaƙinta ke zama tare da kai. Ta farko ake kwana da ita. Hitar da ta zo da tirelarka ta farkon ce, wutar tana ci ne a cikin wani rufaffen akwati, tana jawo iska daga waje ta mayar da hayaƙin waje ta 'yar ƙofar nan da kake gani a jikin tirelar, iskar ɗakin kuma ta bayan ƙarfen take bi ta ɗau zafi. Wato abin da kake nema kana da shi, gyara kawai yake so.

Yadda ka kwatanta ɗin nan, fanka ta tashi ta yi ƙas ƙas sau uku ta haƙura, tartsatsi na zuwa amma wuta ba ta kamawa, ko tana kamawa injin bai gane ba. Wani lokaci ba komai ba ne illa iska da ta cika tiyon gas saboda an daɗe ba a kunna ba, ka buɗe silinda a hankali ka kunna kuka ta ci minti ɗaya ko biyu ka kashe, sannan ka sake gwada hitar. Wani lokaci zanzaro ne ya yi gini a bututun ko gizo-gizo ya yi saƙa. In wannan bai yi ba kar ka kwance da kanka, kai wa mai gyaran tirela da ke da lasisin aikin gas, ka ce ya duba maka har akwatin wutar ko ya tsage ko tsatsa ta huda shi, domin tsohuwar hita in ta huje ita ma ciki take turo hayaƙin. Ya gwada maka yoyon gas gaba ɗaya. Gas ɗin furofen ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa alam ɗinsa daban ne kuma kusa da daɓe ake saka shi, kar ka haɗa shi da wanda Anti Hajjo ta faɗa.

Abin da mutane ke mantawa shi ne batir. Hitar gas ce amma fankarta da batir take aiki, dare ɗaya na sanyi tana iya shanye tsohon batir, shi kuma batir dama sanyi na rage masa ƙarfi, sai ƙarfe ukun dare ka farka hanci ya daskare alhali silinda cike take. Silinda mai fam 20, wato wajen kilo 9, in hitarka mai BTU 16,000 ce (ma'aunin ƙarfin zafinta kenan) kuma ta yi ta ci ba tsayawa, awa 27 ko kusa da haka za ta kai ka. Da yake tana kamawa tana hutawa za ta fi haka, amma ka tafi da ta biyu. Kuma in ƙanƙara ta zuba da dare ka fita ka share bakin inda hayaƙin ke fita, kar ka jingina kujera ko kula a wurin.

Mu a mota ta dizal muke amfani da ita, irin su Webasto da Espar, yanzu kuma ga 'yan Caina masu araha sun cika kasuwa. Mai kilowat 2 ta ishi tirelarka har ta yi yawa, ba ta shan mai, lita biyu na iya kai ka safiya, kuma zafinta busasshe ne. Amma sai an huda daɓe an fitar da salansa waje an toshe gefen da kyau, nesa da taga, kuma ba a cire mata batir tana cikin aiki, sai an kashe ta ta huce da kanta. Wannan aikin shekara mai zuwa ne in ka ga kuna son fitar sanyi. Kar ka yi shi a gurguje saura sati biyu tafiya.

Injiniya_Bash, Ottawa

Duk abin da Kawu ya faɗa haka ne, amma ni mamaki nake ba wanda ya kawo mafi sauƙi. Yaya tunda Banff za ka, ka kama wuri mai wutar lantarki mana. Sansanin kwana na Tunnel Mountain Village II a buɗe yake duk tsawon shekara kuma akwai soket a wuraren fakin, mu ma nan Ontario haka muke yi a sansanin Mew Lake cikin gandun Algonquin. Ka jona tirela, ka kunna hitar lantarki, babu harshen wuta babu hayaƙi, batir ɗinka ma yana caji.

Sai dai ita ma da ƙa'idarta. Hita mai wat 1500 a kan bolt 120 tana jan amp 12.5, layin soket ɗin cikin tirela kuma yawanci amp 15 ne, ka ga saura kaɗan. In Madam ta jona butar shayi a layi ɗaya bireka za ta faɗi. Ka sa ta a rabin ƙarfi, wat 750 ko kusa, da dare ya fi kwanciyar hankali. Kai tsaye a soket ɗin bango, banda siririn ekstenshan ɗin nan, kuma bayan rabin awa ka taɓa filogin, in ya yi zafi ka cire domin tsofaffin soket ɗin tirela ba su cika son jan wuta mai yawa na dogon lokaci ba. Ni na fi son mai mai a ciki ɗin nan mai kama da lagireto, ba ta yin ja, ba ta ƙara, amma duk da haka jikinta na zafi ga hannun yaro. Ka ba ta tazara daga bargo da labule, mita ɗaya ake cewa, kuma kar a shanya safa ko tawul a kanta ko da wasa. Alam ɗin hayaƙi da abin kashe gobara kusa da ƙofa, waɗannan dole ne.

Wani abu kuma da zai ba ka mamaki shi ne raɓa. Numfashin mutum huɗu kawai ya isa ya sa tagogi su yi ta zubar ruwa, in ka ƙara Buddy abin ya lalace domin duk kilo ɗaya na furofen da ya ƙone yana sakin ruwa wajen lita 1.6 a cikin iskar ɗakin, da safe ka ga bango sharkaf, ƙasan katifa ya jiƙe, bayan sati ya yi funfuna. Ka bar 'yar tagar rufin a ɗage kamar faɗin yatsa ko da kuwa zuciyarka na cewa zafi na gudu. Ka shimfiɗa kafet ko tabarmar roba a ƙasa, ka yanka abin rufe gilashi mai kama da azurfa ka toshe tagogin, banda wacce za a fita ta ita in wani abu ya faru. Tankin ruwan tirelar kuma kar ka cika shi, bututun zai daskare ya fashe, ka juye shi ka zuba ruwan hana daskarewa na tirela mai ruwan hoda, ba na mota ba don na mota guba ne, ku tafi da ruwan sha da na alwala a jarka ku ajiye a ciki.

Baban_Ilham, Calgary

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, Anti wlh jikina ya yi sanyi da na karanta naki, kakata haka take shiga da kasko ɗaki muna yara a Funtuwa kuma kullum da ciwon kai muke tashi, ban taɓa haɗa abin ba sai yau. Na mayar wa abokina da Buddy ɗinsa. Na ciro alam ɗin da ke tirelar, 2011 ne a bayansa, na sayo sabo jiya har da na gas ɗin. Kawu na gwada dabarar kukar, har yanzu ƙas ƙas ɗin ne, don haka na kama layi wajen mai gyara ranar Talata. Wurin mai lantarki ma na samu. In hitar ba ta gyaru ba kafin lokacin na gaya wa maman Ilham za mu je da safe mu dawo gida mu kwana, ba na son in dogara da abu ɗaya da yara a daji.

Injiniya saura tambaya ɗaya, wayar da ake jona tirelar da ita daga waje kanta ya ɗan yi baƙi a ƙafa ɗaya, robar wurin kamar ta taɓa narkewa. In goge da sanfefa ko sai an canza?

Injiniya_Bash, Ottawa

A canza Yaya, kar ka goge. Baƙin nan alama ce wurin ya taɓa sassautawa ya yi zafi, kuma da hita za ta ja wuta dare guda zai fi na da. Ka haɗa wa mai gyaran ranar Talata, ka ce ya buɗe inda wayar ta shiga jikin tirelar ma ya duba, sau da yawa ƙunar ta can ciki ta fi wacce kake gani.