Ina son kama sana'ar gumi (turara shinkafa) a Argungu, ta ina zan fara?

Ɗan Kabi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ƙare bautar ƙasa bara, aiki shiru har yau, shi ne na ce bari in kama harkar shinkafa nan Argungu, in sayi shanshera a turara a cashe in kai kasuwa. Jarin ba yawa, buhu goma zai saya da ƙyar. Abin da ke ban tsoro, abokina ya fara irin ta, wata huɗu kuɗin sunka narke. Don Allah mi ke sa wani ya ɗore wani ya faɗi?

Maman Hafsat:
Wa alaikumus salam ɗana. Shekarata goma sha biyu cikin gumi, kuma wallahi ba kuɗi sunka riƙe ni ba, mutane ne. Mai injin da nike kai ma aiki yakan cashe min bashi sai na sayar in biya, manomin da nike saye wurinshi a fadama shi ke kirana kafin dillalai su ji labari, ga adashinmu na mata duk sati, ranar da ruwa ya doke min shanya buhu uku sunka yi baƙi da kwasata na tashi. Abokinka ina jin shi kaɗai ya shiga bai san kowa ba. Ka zauna wurin masu yi ko wata biyu ne, ka koyi gane shanshera mai danshi da haƙori kafin ka fidda ko sisi.

Abban Jega:
Gaskiya Mama ta faɗa. Ƙari na, tunda anka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na ba manoma rance a Birnin Kebbi a 2015, ga manyan kamfanonin casar shinkafa, WACOT nan garinku tun 2017 da Labana a Birnin Kebbi, shanshera ta samu masu saye da tirela, kai mai buhu goma ba ka iya ja da su a farashi. Ka sayi taka da kaka ko lokacin girbin rani, ka nemi masu abinci da 'yan awo su zama kwastomominka na kullum. Ɓuntu ma kar ka zubar, masu kaji na saye.

Ɗan Kabi:
Allah ya saka da alheri. Mama don Allah adashin naku ana ɗaukar maza, ko in nemi na 'yan kasuwa?

Maman Hafsat:
Namu na mata ne zalla. Ka tambayi mai injin unguwarku, su ma suna da nasu.