Neman kalma: wane suna za mu raɗa wa "metro"?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kishin harshe. Akwai kalmar da ta daɗe tana wahalar da masu fassarar labarai, wato "metro", jirgin nan da ke jigilar mutane a cikin manyan biranen duniya. Duk wanda ya zo kanta sai ya ɗan dakata. Wani ya ce "jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa", wani ya ce "jirgin ƙasa na zamani", wani kuma ya bar ta yadda ya same ta. Ina so mu tsayar da magana ɗaya a kanta. Tawa shawarar ita ce mu ce jirgin birni. Ga dalilaina, mai ja ya kawo nasa.

Wanda kunne ya fi sabawa da shi shi ne "jirgin ƙarƙashin ƙasa". Yana da nauyi a baki, musamman in an faɗe shi cikakke, ƙasa sau biyu a numfashi ɗaya. Amma babbar matsalarsa ita ce yana faɗar abin da ba haka yake ba a wurare da yawa. A Landan aka fara wannan abu, ranar 10 ga Janairun 1863, daga Paddington zuwa Farringdon, da injin tururi mai cin kwal yana cika rami da hayaƙi. Har yau mutanen Landan na kiransa "na ƙarƙashin ƙasa" da harshensu, alhali fiye da rabin layukansa a sarari suke tafiya, fasinja na kallon bayan gidaje da bishiyoyi ta taga. Na New York da aka buɗe a 1904, kusan kashi 40 cikin 100 nasa a sama yake ko a doron ƙasa. Na Shikago tun 1892 a kan ginshiƙan ƙarfe aka ɗora shi, yana ratsawa ta saman tituna. Na Delhi da ya fara a 2002 da na Dubai da aka buɗe a 2009, galibinsu a kan gada suke. Alhazai ma shaida ne: jirgin Masha'ir da ke kai-komo tsakanin Mina, Muzdalifa da Arafat tun 2010, mai tashoshi 9 a tsawon kilomita 18, metro ake kiransa, kuma hawa ake yi a same shi a sama. Ka ce wa alhaji ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, zai ce maka ba a yi haka ba.

To, in ba rami ba, me ya mai da jirgi metro? Hanyarsa. Yana da hanyar da babu mai tsallaka ta, ba mota, ba babur, ba mai tafiya a ƙafa, ba danjar da za ta tsayar da shi. Rami da gada dabaru ne na samar masa wannan keɓantacciyar hanya a inda gine-gine suka cushe. Inda fili ya samu sai a shimfiɗa shi a ƙasa a katange shi. Daga wannan keɓewar sauran amfaninsa ya fito. Tunda babu abin da zai gitta gabansa, ana iya sako jirage kusa-kusa, wannan na bin wancan. A layin Victoria na Landan jirage 36 ke wucewa a awa ɗaya lokacin fita aiki da tashi daga aiki, wato kowace daƙiƙa 100. A Mosko tazarar takan sauko zuwa minti ɗaya da rabi. Mazaunin irin wannan birni ba ya tambayar ƙarfe nawa jirgi zai tashi. Tasha kawai yake nufa, in ya rasa wannan ga wani a bayansa. Layi ɗaya na babban titi kuwa, in komai ya tafi daidai, motoci kusan 2,000 yake ɗauka a awa, yawancinsu da mutum ɗaya ko biyu a ciki. Layin metro guda yana kwashe dubun-dubatar mutane a wannan awar. Na Masha'ir an tsara shi ne ya ɗauki 72,000 a awa ta ɓangare ɗaya.

Wannan bambancin yana sauya rayuwar mutane gaba ɗaya, shi ya sa na damu da sunan. A Tokiyo, tashar Shinjuku, inda layukan jirage iri-iri suka haɗu, tana ganin mutum fiye da miliyan 3 a rana. Yaron firamare kan shiga jirgi shi kaɗai ya tafi makaranta, tsohon da idonsa ya hana shi tuƙi yana zuwa asibiti da ziyarar jikoki ba tare da ya jira wani ya kai shi ba. Mota a can ba dole ba ce, hasali ma kafin a yi maka rajistarta sai ka nuna inda za ka riƙa ajiye ta. Dubi Los Angeles kuma. Ta taɓa mallakar layukan jirgin lantarki na Pacific Electric masu tsawon fiye da kilomita 1,600, aka bar su suka mutu, na ƙarshensu ya tsaya a 1961, aka zuba kuɗi a manyan tituna. Sai 1990 jirgi ya dawo birnin, bayan gari ya riga ya baje ta yadda marar mota kan ɓata sa'o'i a hanya kafin ya kai wurin aikin da ke cikin birninsu. Talaka ne ke biyan wannan da lokacinsa, da barcinsa, da ayyukan da ba zai iya nema ba don sun yi masa nisa.

Sunan da muka ba abu yana shafar yadda mutane ke tunaninsa. In muka ce "na ƙarƙashin ƙasa", mai sauraro zai ɗauka sai an haƙe ƙarƙashin gari kafin a samu, kuma haƙa rami shi ne mafi tsadar hanyoyin. Sashen farko na layin Second Avenue a New York, da aka buɗe a Janairun 2017, ya ci kimanin dala biliyan 4.5 a kan sababbin tashoshi 3 kacal. Wanda ya ji wannan zai ce ai abin na masu hannu da shuni ne, ya cire rai. Ga shi kuwa Legas ta buɗe layinta daga Marina zuwa Mile 2 a Satumban 2023 ba tare da ta haƙa rami ba, Bogota ta Kolombiya ma a kan gada take gina nata na farko. Ina so mai karanta labari da Hausa ya fahimci cewa wannan abu ne da birni mai cunkoso zai iya nema wa kansa.

Ita kanta kalmar "metro" babu rami a cikinta. Gutsure ce daga sunan kamfanin Landan na farko, Metropolitan Railway, ma'ana layin dogo na babban birni. Faris ta ɗauki sunan lokacin da ta buɗe nata a 1900, mutanenta suka gajarta shi, daga nan ya bazu zuwa Mosko, Alƙahira da sauran wurare. Ke nan in muka ce jirgin birni, asalin ma'anar muka koma. Kuma ya bi tsarin da Hausa ta riga ta shimfiɗa. Jirgi na ruwa ne tun farko, da na dogo ya zo aka ce jirgin ƙasa, da mai tashi ya zo aka ce jirgin sama. Kullum ana ambatar jirgi ne a haɗa shi da inda yake harkarsa. Wannan kuwa harkarsa a birni take, ba ya fita ya nufi wani gari.

Na ga amsoshin da suka shigo, bari in bi su.

Wani dattijo, tsohon malamin Hausa, ya rubuto cewa "birni" a wurin Bahaushe na iya nufin cikin ganuwa kaɗai, saɓanin waje, don haka "jirgin gari" ya fi faɗi. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, gaskiya ne wannan ma'anar tana nan. Sai dai a yau muna cewa birnin Landan, birnin Alƙahira, babban birnin ƙasa, babu wanda ganuwa ke faɗo wa a rai. "Gari" kuma yana hawa kan babba da ƙarami, har wanda za a ratsa da ƙafa cikin rabin awa, shi kuwa wannan jirgi ba ya rayuwa sai inda mutane suka yi yawan da za su cika tarago kowane minti kaɗan. Girman da ke cikin "birni" shi nake so ya biyo sunan. Amma in wani ya ce "jirgin cikin gari" a hira, ba zan gyara masa ba.

Wata 'yar'uwa ta kawo "jirgin jigila". Yaya, sunan yana da daɗin faɗa, kuma ya kama wannan kai-komon da ba ya yankewa. Abin da ya hana ni ɗaukarsa shi ne kowane jirgi jigila yake yi, har na dakon kwal da siminti. "Jirgin zamani" da wasu suka maimaita kuwa, zamanin wa? Na Landan ya haura shekara 160, na Budapest tun 1896 yake aiki, na Tokiyo tun 1927. Abin da ya girmi kakanninmu bai dace da wannan sunan ba, kuma gobe in wani sabon abu ya zo za mu rasa yadda za mu kira shi.

Tambayar da ta fi ƙarfi daga wani ɗan'uwa ta zo. Ya ce: shi jirgin nan da ke tafiya a tsakiyar titi tare da motoci, wanda ake kira "tram", ai shi ma a birni yake, yaya za a bambanta su? Malam, ka taɓo inda ya kamata. Ina ganin a kira shi jirgin titi, don abin da ya raba shi da wancan ke nan: yana raba hanya da motoci, yana tsayawa a danja, in gosulo ya kama su yakan kama shi. Irinsa ne ya cika Melbon da Amstadam. Sai mu sami uku a jere, kowa da wurinsa: jirgin ƙasa mai haɗa gari da gari, jirgin birni mai hanyarsa shi kaɗai, jirgin titi mai bin titi. Ɗan'uwan ya ƙara da cewa na Masha'ir ba a cikin birni yake yawo ba, tsakanin wuraren ibada ne, kuma kwanakin Hajji kaɗai yake aiki. Haka ne, shi wannan a bar shi da sunan wurinsa, jirgin Masha'ir. Na kawo shi ne don nuna cewa metro ba sai da rami ba.

Masu cewa a ari kalmar kawai a ce "metiro", kamar yadda muka ari mota da bas da tasha, ba su yi laifi ba, Larabawa ma aronta suka yi. Sai dai mota da bas sun shigo ne tare da abin, mutane na ganinsu suna hawansu, sunan ya zauna da kansa. Wannan kuwa yawancin masu jin labarinsa ba su taɓa ganinsa ba, to gara sunan da zai yi musu bayani tun daga jin farko.

Ga yadda zai zauna a labari: "An buɗe jirgin birni na Riyad a Disamban 2024, mai layuka 6, kuma ba shi da direba." "Alƙahira ce ta fara samun jirgin birni a Afirka, a 1987." In ana bukatar a nuna wani sashe a rami yake, sai a ce "layin jirgin birni da ya bi ta ƙarƙashin ƙasa", bayanin ya zo a inda ake bukatarsa.

Saura guda ɗaya da nake so mu ɗauka bayan wannan, wato bas ɗin da aka ware wa layinsa shi kaɗai a titi, irin wanda Kuritiba ta Brazil ta fara a 1974, Bogota ta faɗaɗa a 2000, Legas ta ɗauka a 2008. Har yanzu da haruffa uku na Turanci, wato BRT, ake kiransa a labaranmu. Ni "bas mai layinsa" ya zo mini, masu aikin fassara ku gwada shi a jimla ku gaya mana ko ya zauna.